Yadda Turaki Ya Zama Gwani: Waiwaye Kan Zaɓen Fid Da Gwani Na NPN A 1978

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Mu mutanen Kajiji, da muke zaune a bakin hanyar da ta ratso Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, mun tashi da wani labari da iyayenmu kan ba mu game da marigayi Alhaji Shehu Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato. Cewa suke yi Turaki bai nemi mulki ba, mulki ne ya neme shi. Har yau idan muka tambayi ɗalibai a aji yadda aka yi malamin makaranta daga wannan yanki ya zama shugaban Nijeriya a 1979, amsar da suke ba mu ke nan.

Labarin nan yana da ƙamshin gaskiya, domin kuwa shi kansa Turaki ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa, Beckoned to Serve, wanda ya fito a 2001, cewa kujerar Majalisar Dattawa yake so tun farko. To amma rabin zance ne. Kafin ya kara da su Awolowo da Azikiwe a babban zaɓe, sai da ya kara da mutum biyar a cikin jam'iyyarsa, kuma bai samu rinjayen da ake bukata a zagayen farko ba. Abin da muke son mu duba a wannan maƙala shi ne yadda aka tara masa goyon baya, da kuma abin da aka biya daga bisani.

Yadda fagen ya kasance

A ranar 21 ga Satumba 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa, bayan shekara goma sha biyu ana mulkin soja. Cikin 'yan kwanaki aka ƙaddamar da jam'iyyar NPN a Legas, mai alamar gida da masara. Ba da rana tsaka ta faɗo ba. Tun a zauren Majalisar Tsara Kundin Mulki ta 1977 zuwa 1978 wakilai suke ganawa a ƙarƙashin wata ƙungiya da ake kira National Movement, wadda ta haɗa tsoffin 'yan NPC da abokan ƙawancensu na Kudu, da wasu daga cikin tsoffin abokan adawarsu. Malam Aminu Kano ma ya zauna da su na ɗan lokaci kafin ya fice ya kafa PRP.

Sabon kundin mulkin ya zo da sharaɗin da ya sauya lissafin kowa. Ba ya wadatar ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa, waɗanda a lokacin 19 ne. Ke nan gwanin da yankinsa kaɗai ke so ba shi da amfani ga jam'iyya. Domin haka NPN ta ɓullo da tsarin raba muƙamai shiyya-shiyya: ɗan takarar shugaban ƙasa daga Arewa, mataimakinsa daga Gabas, shugaban jam'iyya daga Yamma, shugaban Majalisar Dattawa daga ƙananan ƙabilun Kudu. Sai dai an ƙulla wani ƙulli mai muhimmanci. Arewa ce za ta kawo sunaye, amma wakilan ƙasa baki ɗaya ne za su zaɓa. Wato mutumin Anambara da na Ribas da na Oyo suna da ta cewa a kan wane ɗan Arewa za a tsayar.

Mutum shida, kujera ɗaya

Arewa ba ta haɗa kai a kan mutum ɗaya ba, shida suka tafi Legas, kuma kowannensu da abin da ya dogara da shi.

Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, tsohon ministan ma'adinai da lantarki a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne sarkin fasaha. Babu wanda ya kai shi iya jan hankalin taro, da Hausa ko da Turanci. Malam Adamu Ciroma, mutumin Potiskum, ya riƙe editan jaridar New Nigerian, ya kuma riƙe gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977. Shi ne ɗan takarar 'yan boko da tsoffin manyan ma'aikatan gwamnati da ke Kaduna, waɗanda jaridu suka laƙaba wa suna Kaduna Mafiya. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi daga jihar Gongola, bai daɗe da barin kujerar shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ba. Dokta Olusola Saraki yana riƙe da Ilori da jihar Kwara. Joseph Tarka kuwa, jagoran Tibi, wanda ya yi shekaru yana adawa da NPC a Jamhuriya ta Farko, shigowarsa NPN kaɗai ta jawo jihar Binuwai.

Na shidansu shi ne Turaki. Bai kai Ɗanmasani zalaƙa ba, bai kai Ciroma kusanci da 'yan boko ba, kuma ba a san shi da tarin dukiya ba. To da me ya fi su?

Dabarun da aka bi

Abu na farko shi ne daɗewa a fage. Turaki ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya tun 1954, ya riƙe ma'aikatu daban-daban a Jamhuriya ta Farko, ciki har da ta harkokin cikin gida da ta ayyuka. Bayan juyin mulkin 1966 ya dawo gida ya yi aiki a Sakkwato, sannan Janar Gowon ya kira shi Legas, inda ya gaji Awolowo a matsayin kwamishinan kuɗi na tarayya daga 1971 zuwa 1975. Daga nan kuma sai Majalisar Tsara Kundin Mulki. Wakilin da ya zo daga Kudu, ko bai taɓa taka Sakkwato ba, ubangidansa na siyasa ya zauna da Shagari a wani ofis ko wata majalisa.

Abu na biyu shi ne masu zirga-zirga. Turaki yana iya nuna kawaici saboda akwai waɗanda ba sa yin kawaicin a madadinsa. Jagoransu shi ne Alhaji Umaru Dikko, wanda ya shugabanci yaƙin neman zaɓensa. Irin wannan zaɓe ba a cin sa a filin taro da kiɗa da kirari. Wakilai jiha-jiha suke zuwa, kowace tawaga da jagoranta, kuma wanda ya shawo kan jagora ya shawo kan tawaga. Aiki ne na sallama a zaure da zaman dare a masauki.

Abu na uku shi ne gida. Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yanzu, kuma kowa ya ga alamar NPN ce za ta ɗauke ta. Kano kuwa, mahaifar Ɗanmasani, ta riga ta karkata ga Malam Aminu Kano. Wakilin da ke lissafin babban zaɓe dole ya tambayi kansa, wane ne zai iya kawo jiharsa?

Abu na huɗu, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne Turaki bai tsorata kowa ba. Dattawan NPC suna ganin sa nasu ne, mutanen Kudu suna ganin sa mai sauƙin zama, ƙananan ƙabilu ba su da wani tsohon miki da shi. Wanda bai sa shi a zaɓi na farko ba, ya sa shi a na biyu. A taron da mutum shida ke raba ƙuri'a, wannan ya fi iya jawabi amfani.

Taron Legas

A watan Disamba 1978 wakilai sama da 2,000 suka hallara a gidan siliman Casino da ke Yaba a Legas. Aka zaɓi Cif A.M.A. Akinloye na Ibadan shugaban jam'iyya, kamar yadda rabon shiyya ya tanada. Da aka ƙidaya ƙuri'un ɗan takarar shugaban ƙasa, Shagari ya zo na ɗaya da ƙuri'a sama da 900, Maitama Sule na biyu da sama da 500, Adamu Ciroma na uku da ƙasa da 300. Saraki da Tarka da Iya Abubakar suka biyo baya.

Mai karatu ya lura da kyau a nan. Ƙuri'un Turaki ba su kai rabi ba. Fiye da rabin wakilan wani suka zaɓa ba shi ba, kuma bisa ƙa'ida sai an sake zagaye na biyu. Da a ce sauran sun dunƙule a bayan Ɗanmasani, lissafi ya nuna ana iya samun wani labarin daban. Amma ba a kai ga zagaye na biyun ba. Maitama Sule da Adamu Ciroma suka janye, suka mara wa Shagari baya, taro ya tashi ba tare da jam'iyya ta dare ba. Wannan janyewa ita ce goyon baya mafi tsada da Turaki ya samu a rayuwarsa ta siyasa.

Biyan bashi

Aka yi zaɓe ranar 11 ga Agusta 1979, Shagari ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Awolowo kimanin miliyan 4.9. Bayan taƙaddamar nan ta jiha goma sha biyu da biyu bisa uku, wadda Kotun Ƙoli ta yanke, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Sai mu duba inda abokan karawarsa suka sauka. Maitama Sule ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Adamu Ciroma ya riƙe sakataren jam'iyya, sannan ya zama minista. Iya Abubakar ya zama ministan tsaro. Saraki ya zama shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Tarka ma ya shiga majalisar, kafin ya mutu a 1980. Umaru Dikko ya zama ministan sufuri, kuma mutum mafi faɗa a ji a fadar shugaba. Dokta Alex Ekwueme, wanda ya nemi takarar gwamnan Anambara bai samu ba, shi ya cike gurbin Gabas a matsayin mataimaki.

Ba muna cewa waɗannan bayin Allah ba su cancanta ba, ko kusa. Abin da muke cewa shi ne goyon baya a siyasa bashi ne, kuma Turaki ya biya nasa ga mutum biyar ɗin nan. Amma akwai wani bashin da ya rage, wato na shiyya. Mutanen Yamma da suka amince da ɗan Arewa a 1978 sun yi haka ne da fatan zagayowar ta iso kansu. Alhaji M.K.O. Abiola, wanda ya zuba dukiyarsa a NPN ya kuma kafa jaridar Concord a 1980 tana yaƙar Awolowo, ya nemi tsayawa takara a 1982. Aka toshe masa hanya, taron Kaduna ya sake tsayar da Shagari, shi kuma Abiola ya bar jam'iyyar. A Kwara ma Saraki ya ɓata da gwamna Adamu Atta, har ya taimaka wa ɗan takarar UPN ya ci jihar a 1983. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kawo ƙarshen gwamnatin baki ɗaya.

Sawun giwa

Abin da aka yi a Yaba ya zama turbar da ake bi. A taron SDP na Jos a watan Maris 1993, Atiku Abubakar ya janye wa Abiola, abin da ya taimaka masa ya kayar da Babagana Kingibe. Amma da aka zo zaɓen mataimaki sai Abiola ya ɗauki Kingibe, magoya bayan Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa suka ga an ci bashinsu ba a biya ba.

Misali na kusa da mu shi ne na ranar 28 ga Mayu 2022 a Abuja, lokacin da gwamnan Sakkwato na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya hau dandamali ya janye wa Atiku ana gab da jefa ƙuri'a. Atiku ya samu 371, Nyesom Wike ya samu 237. An ci tikiti, amma ba a rarrashi wanda aka kayar ba. Wike da wasu gwamnoni huɗu suka juya wa jam'iyyar baya, ta kuma faɗi zaɓen 2023. Wani abin mamaki kuma, a kan hanya ɗaya garuruwan mutum biyun nan suke. Turaki ya nemi Majalisar Dattawa ya tsinci kansa a fadar shugaban ƙasa, Tambuwal ya nemi fadar shugaban ƙasa, a 2023 ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Sakkwato ta Kudu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga bambancin 1978 da waɗannan misalai ba ya cikin janyewa, domin a duka an janye. Bambancin yana cikin abin da aka yi da waɗanda aka kayar. NPN ta fita daga Yaba da 'yan takararta shida cif, kowa ya koma jiharsa ya yi wa gwanin aiki. Wannan shi ne hazaƙar Turaki da mutanensa, kuma shi ne rauninsu, domin shugaban da mutane da yawa ke bi bashi, da wuya ya iya tsawata musu ranar da suka kauce.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da marubuta, idan za mu ba yara labarin Turaki mu ba su shi cikakke. Kawaicinsa gaskiya ne, zirga-zirgar su Umaru Dikko ma gaskiya ce. Yaron da aka koya wa cewa mulki daga sama yake faɗowa ba zai taɓa tambayar wane ne wakilin mazaɓarsa a taron jam'iyya ba, ko wa ya tura shi, ko me aka yi masa alkawari. Alhali kuwa ranar da muka yi layi a rumfar zaɓe a Kajiji, muna zaɓa ne kawai daga cikin waɗanda wasu 'yan dubbai suka riga suka zaɓa mana.

Allah ya jiƙan Turaki, wanda ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018, da sauran magabatanmu. Allah ya ba mu shugabanni nagari, amin.