BABI NA UKU: TARIHIN RABE-RABEN CIWON TAƁIN HANKALI A ƘASAR GWARZO DA KABO

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai duba yadda ake rarrabe ciwon taɓin hankali da hanyoyin gano shi a ƙasar Gwarzo da Kabo, tun daga zamanin gargajiya zuwa yau. Batun yana da muhimmanci, domin sunan da aka ba wa ciwo shi ke nuna inda za a kai majinyaci.

3.2 Rabon Gargajiya

Kamar sauran Hausawa, mutanen wannan yanki sun raba hauka ne ta fuskar sanadinsa. Akwai bugun iska, da haukan sammu, da haukan gado, sannan daga baya aka sami haukan shaye-shaye. Farfaɗiya ma wasu kan jingina ta ga iskoki. Greenberg (1946), wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna yadda suke danganta cututtuka da iskoki masu sunaye. Saboda haka aikin boka ko ɗan bori shi ne ya gano wace iska ce ta taɓa mutum, sannan a yi mata yanka ko a yi wa majinyacin girka. Malamai kuwa sukan danganta ciwon da aljannu ko sihiri, su yi magani da tofi da rubutun sha da ruƙiyya.

3.3 Zamanin Turawa

Turawan mulkin mallaka sun zo da wani ma'auni daban. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka yi wa gyara a 1958, ba ta damu da irin ciwon ba. Ta ba wa alƙali da likita ikon tsare wanda aka ga hankalinsa ya gushe, wato tsaron jama'a ya fi magani muhimmanci a wurinta.

3.4 Rabon Asibiti

Likitocin zamani suna rarrabe ciwon ne ta alamominsa da tsawon lokacinsa, bisa kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022. A asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, likita kan tambayi majinyaci da danginsa game da barci, da jin muryoyi, da shan ƙwaya. Ta haka ake bambance ciwon damuwa mai tsanani da ciwon ruɗewar tunani, farfaɗiya kuma a ɗauke ta a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa mai magani.

3.5 Kammalawa

Sabon rabo bai kawar da tsoho ba. Iyalai da dama sukan fara da malami ko boka, sai ciwo ya ta'azzara su nufi Kano, wani lokaci bayan majinyaci ya sha mari da duka. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci.