Alonso da Hamilton: Ranar Sa Hannu Ta Fi Ranar Tsere

Jama'a, tunda Lewis Hamilton ya koma Ferrari a 2025 ake ta muhawara, wasu na cewa ya yi kuskure, wasu na cewa a ba shi lokaci. Ni kuwa abin ya tuna min da tarihin shi da Fernando Alonso, domin su biyun nan sun isa misali kan yadda zaɓen ƙungiya ke gina direba ko ya rusa shi a tseren motoci na Formula 1.

Ku tuna, a 2007 ƙungiya ɗaya suke, wato McLaren. Alonso ɗan Sifaniya ya zo da kambun duniya biyu da ya ci da Renault a 2005 da 2006. Hamilton ɗan Ingila kuwa sabon shiga ne. Aka kammala kaka kowannensu na da maki 109, Kimi Raikkonen na Ferrari ya ɗauke kambun da 110. Ka ga ke nan a ƙwarewa babu wata tazara tsakaninsu. Amma yau Hamilton na da kambu 7, Alonso na nan a kan 2. Me ya jawo?

Alonso ya bar McLaren bayan shekara ɗaya tak, saboda rigima da shugaban ƙungiyar, Ron Dennis. Ya koma Renault lokacin da ƙarfinta ya ragu. A 2010 ya tafi Ferrari, sai ga shi Red Bull ce ke tashe. Sebastian Vettel ya sha gabansa da maki 4 a 2010, da maki 3 a 2012. In ka haɗa da na 2007, maki 8 kacal suka raba shi da ƙarin kambu uku. Wallahi abin tausayi.

Babban kuskuren sai a 2015, da ya sake komawa McLaren mai amfani da injin Honda. Injin ba gudu, ga yawan lalacewa. Shekara huɗu ya yi a can, ko na uku bai taɓa zuwa ba. Nasararsa ta 32 ya same ta tun 2013 a Basalona.

To, shi Hamilton fa? A ƙarshen 2012 ya sanar zai bar McLaren, wadda ta rene shi tun yana yaro, zuwa Mercedes da ta ƙare ta biyar a shekarar. Mutane suka yi ta cewa kuɗi ya bi. Abin da ba su lura da shi ba, dokar inji za ta canza a 2014 zuwa mai haɗa fetur da lantarki, kuma Mercedes ta riga kowa shiri. Niki Lauda na cikin waɗanda suka shawo kansa. Sakamako: kambu 6 tsakanin 2014 da 2020. McLaren ɗin da ya bari kuwa ba ta sake cin tsere ba sai 2021.

Wani zai ce sa'a ce kawai. Akwai sa'a, ban musa ba. Amma ni abu biyu na gani. Na farko, Hamilton ya duba inda ƙungiya ta dosa, Alonso ya fi duba sunan da ta yi a baya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na biyu, zaman lafiya da mutane. Manyan kujeru a wasan nan ba su da yawa, wanda ya fita da faɗa ya rage wa kansa ƙofofin shiga.

A ƙwallo, gwani ɗaya kan iya ɗaukar ƙungiya a kafaɗa. A nan kuwa ɗaruruwan injiniyoyi ne ke ƙera motar, direba ba zai wuce iyakar abin da aka ba shi ba. Shi ya sa nake ganin ƙidayar kambu kaɗai ba ta yi wa Alonso adalci ba.

Yanzu Hamilton ya sake caca, yana da shekara 40 ya shiga Ferrari, wadda rabonta da kambun direbobi tun na Raikkonen ɗin nan a 2007. Ferrari ɗin da Alonso da Vettel suka je suka dawo hannu rabbana.

Ku me kuka gani, lissafi ya yi irin na 2012, ko shi ma sunan ya bi?