Tarihin Koyar da Gajerun Wasulan Turanci

Turancin Ingila yana da sautin wasali kusan 20 idan aka haɗa da tagwayen wasula, amma haruffan da aka ware don rubuta su biyar ne kacal: a, e, i, o, u. Daga cikin sautukan nan, shida su ne ake kira gajerun wasula, wato waɗanda ake ji a tsakiyar "cat", "bed", "sit", "hot", "cup" da "put". Akwai kuma na bakwai, raunanan wasali da ke farkon "about", wanda ya fi kowanne yawan fitowa a magana. Da gajerun wasulan ake fara wa yaro karatu a yau a mafi yawan makarantun da ke koyar da Turanci, sai dai an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana jayayya kafin a tsaya a kan hakan.

Matsalar ta samo asali ne daga aron haruffa. Masu wa'azin Kirista da suka isa Ingila a shekarar 597 ƙarƙashin jagorancin Augustine sun zo da rubutun Latin, kuma da shi aka riƙa rubuta harshen mutanen ƙasar. Haruffa biyar sun wadaci Latin, amma ba su wadaci Turanci ba. Marubutan farko sun ƙara harafin wasali ɗaya, wanda ya haɗa a da e wuri guda, don sautin da ke cikin "cat". Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci ƙasar a 1066, wannan harafi ya ɓace sannu a hankali, kuma magatakardan da suka saba da rubutun Faransa suka shigo da nasu ɗabi'un. A rubutun hannu na zamanin, haruffan u, n, m da v duk gajerun sanduna ne a tsaye, idan suka jeru ba a rarrabe su. Don sauƙaƙa wa ido sai aka riƙa sa o a gurbin u. Shi ya sa har yau ake rubuta "son", "come", "love" da "honey" da o, alhali wasalinsu na "cup" ne. Yaron da ya rubuta "luv" bai yi kuskuren ji ba, tsohuwar dabarar magatakarda ce bai sani ba.

Mutumin farko da aka san ya damu da gajerun wasula har ya yi musu ƙa'ida wani limamin Kirista ne mai suna Orm, wanda ya rayu a yankin Lincolnshire a ƙarni na 12. Ya rubuta littafin wa'azi mai suna Ormulum, wanda layi kusan 19,000 nasa suka tsira, kuma yana ajiye a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford. Burinsa shi ne limaman da za su karanta wa jama'a littafin su furta kowace kalma daidai. Sai ya riƙa ninka baƙin da ya biyo bayan gajeren wasali, har sunansa ma da r biyu ya rubuta shi. Ba wanda ya kwaikwayi tsarinsa gaba ɗaya, amma tunanin da ya yi shi ne wanda Turanci ya tsaya a kai daga baya: baƙi biyu alama ce ta cewa wasalin da ke gabansu gajere ne. Da wannan ake bambanta "hopping" da "hoping", ko "dinner" da "diner".

Ɗaya alamar, wato e ta ƙarshen kalma da ba a furtawa, ita ma tarihi ne ya haifar da ita. A da ana furta kalma kamar "name" da gaɓa biyu. A ƙarni na 13 wasalin gaɓar farko ya tsawaita, sannan zuwa wajen 1400 aka daina furta e ɗin ƙarshe, amma aka ci gaba da rubuta ta. Richard Mulcaster, shugaban wata makaranta a Landan, ya ba da shawara a littafinsa na 1582 cewa a mayar da ita ƙa'ida, ta zama mai nuna dogon wasali. Haka "hat" da "hate", "bit" da "bite" suka rabu a rubuce.

Babban abin da ya rikita al'amarin ya faru tsakanin wajen 1400 da 1700, lokacin da dogayen wasulan Turanci suka sauya furuci ɗaya bayan ɗaya. Masanin harshe ɗan Denmark, Otto Jespersen, shi ne ya raɗa wa wannan sauyi suna a farkon ƙarni na 20. Doguwar i ta koma "ay", doguwar e ta koma "ii", doguwar a ta koma "ey". Gajerun wasula kuwa galibinsu sun tsaya kusa da inda suke. A daidai wannan lokaci William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa yayin da baki ke ta tafiya. Sakamakon da ya fi shafar yara shi ne sunayen haruffa: tun da da dogon sauti ake kiran sunan kowane wasali, sunayen suka bi sauyin. Harafin da ake kira "ey" ba ya cewa "ey" a cikin "cat", wanda ake kira "ay" ba ya cewa "ay" a cikin "sit". Abin da makarantu ke kira dogon wasali da gajeren wasali a Turanci sautuka ne daban-daban, ba sauti ɗaya ba ne da aka ja ko aka gajarta.

Gajerun ma ba su tsira ɗungurungum ba. A ƙarni na 17 gajeriyar u ta rabu biyu a kudancin Ingila, ta ba da sautin "put" da na "cup", amma a arewacin ƙasar har yanzu mutane da yawa da wasali ɗaya suke furta su. Harafin a da ya biyo bayan w ya karkata zuwa o, kamar a "was" da "want". Kalmomi irin su "head" da "bread" sun gajarce suka bar rubutunsu na da. "Busy" da "bury" kuwa rubutun wani yanki ne ya haɗu da furucin wani yankin.

Da irin wannan gado malaman Ingila suka fuskanci yara. Kayan aikinsu na farko, tun daga ƙarni na 15, ɗan katako ne mai mariƙi da ake manna wa takarda a rufe ta da siririn ƙaho mai nuna abin da ke ƙasa, don kada hannun yaro ya lalata ta. A jikinsa akwai haruffa, da wasula, da jerin gaɓoɓi inda ake haɗa kowane wasali da b, c da d, sai addu'a a ƙasa. Ya yi kama da allon almajiri, har da matakin babbaƙu kafin farfaru. Yaro yana kiran sunan kowane harafi da ƙarfi, sannan ya faɗi gaɓar. A nan cikas yake: idan ya ce "si, ey, ti", babu abin da ke cikin waɗannan sunaye uku da zai kai shi ga "cat". Dole malam ya faɗa masa, shi kuma ya haddace. John Hart ya gano wannan aibi tun a 1569 da 1570, inda ya rubuta cewa sunayen haruffa suna hana koyo, a koyar da sautinsu. Gaskiya ya faɗa, amma zamaninsa bai saurare shi ba.

Tsarin kiran suna ya ci gaba a littafin Edmund Coote na 1596, da New England Primer da aka buga a Boston wajen 1690, da littafin Thomas Dilworth na 1740. Noah Webster ya fitar da nasa a Amurka a 1783, mai shuɗin bango, aka sayar da miliyoyin kwafe. Ya jera kalmomi daga masu sauƙi zuwa masu wuya, gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya a gaba. Ga manya masu son gyara furuci kuma, John Walker ya buga ƙamusunsa a 1791, yana ɗora lamba a kan kowane wasali don nuna sautinsa. Littattafan McGuffey, waɗanda suka fara fita a 1836, sun zo a bugun 1879 da alamomi a kan wasula: ɗan lanƙwasasshen layi a kan gajere, miƙaƙƙe a kan dogo.

Wahalar da yara ke sha da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana ta jawo tawaye. Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts a 1837, ya kamanta haruffa da ƙwarangwal mai tsorata yara, ya nemi a fara da cikakkiyar kalma. Malamai 31 na makarantun Boston suka mayar masa da martani a rubuce a 1844. Ra'ayin Mann ne ya yi rinjaye daga baya. Littattafan Dick da Jane da suka fito a Amurka a 1930, da na Janet da John a Birtaniya a 1949, sun dogara ne ga maimaita kalma har yaro ya gane siffarta da ido. Raunin wannan hanya a gajerun wasula ya fi bayyana, domin "pat", "pet", "pit", "pot" da "put" siffarsu kusan ɗaya ce, harafin tsakiya kaɗai ya raba su. Yaron da ba a koya masa sauraron wannan harafi ba, cinta kawai zai yi.

Rudolf Flesch, haifaffen Ostiriya da ya koma Amurka, ya tayar da ƙura a 1955 da littafinsa Why Johnny Can't Read. Darussan da ya sa a ƙarshen littafin da gajerun sautukan haruffan wasali biyar suka fara. A Birtaniya an gwada wata hanya a 1961: Sir James Pitman ya ƙirƙiro haruffa 44 don kowane sauti ya sami nasa. Yara sun yi saurin karatu da su, amma komawa rubutun yau da kullum ya ba wasu wuya, aka watsar da tsarin. A 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tattara binciken shekaru masu yawa ta nuna cewa farawa da sauti ya fi amfani, musamman ga yaran da ba su tashi cikin littattafai ba. Duk da haka jihar Kalifoniya ta sake juya wa tsararren koyar da sauti baya a 1987, kafin ta dawo a tsakiyar shekarun 1990. Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta nemi a kafa ya fitar da rahotonsa a 2000, ya goyi bayan koyar da sauti bi da bi.

Hujjar da ta fi tasiri a Birtaniya ta fito ne daga Clackmannanshire a Sikotilan, inda Rhona Johnston da Joyce Watson suka bi yara kusan 300 tsawon shekara 7. Rahotonsu na 2005 ya nuna cewa waɗanda aka koya wa haɗa sauti da sauti sun wuce sa'o'insu da sama da shekara 3 wajen karanta kalma. A fahimtar ma'ana kuwa tazarar 'yan watanni ce, kuma wannan abu ne da bai kamata masu yabon hanyar su riƙa mantawa ba. Rahoton Jim Rose na 2006 ya sa gwamnati ta rungumi tsarin a Ingila, kuma tun 2012 ana gwada yara masu shekara 6 da kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu marasa ma'ana, don a tabbatar sauti suke karantawa ba hadda ba.

Ajin yau yana farawa da haruffa kaɗan. Tsarin Jolly Phonics, wanda ya samo asali daga aikin Sue Lloyd da Sara Wernham a wata firamare a Lowestoft kuma aka buga littafinsa a 1992, yana buɗewa da s, a, t, i, p, n, ya koyar da sauti 42 gaba ɗaya. Da waɗannan shida yaro zai haɗa "sat", "pin" da "tap" a makonninsa na farko. Tsarin ya shiga makarantun gwamnati a jihohin Nijeriya da dama. Ɗalibi Bahaushe yana zuwa da ribar sanin bambancin gajeren wasali da dogo daga harshensa, amma Hausa wasali biyar gare ta, don haka "cat" da "cut" sukan faɗa masa cikin a ɗaya, sai an horar da kunnensa kafin hannunsa ya raba su. Raunanan wasalin nan na bakwai kuwa, wanda ake rubutawa da a a "about", da i a "pencil", da o a "lemon", sauti kaɗai ba ya warware shi ga kowane ɗalibi, ko ɗan Ingila ne. Sai an san asalin kalmar da danginta, kuma wannan darasi ne na azuzuwan gaba.