Tarihin Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Ruwa

Mai karatu, mu mutanen Sandamu da sauran ƙasar Daura ruwan rijiya da na tafki muka fi sani, shi ya sa nake ganin ya dace mu ji yadda kyamara ta fara nutso.

A 1893 wani Bafaranshe masanin halittun ruwa, Louis Boutan, ya saka kyamara cikin ƙaton akwatin ƙarfe, ya nutsa da ita a gaɓar Banyuls. Hoto ɗaya kan ci shi kusan rabin awa, domin haske yana raguwa a ƙasan ruwa, kuma launin ja ne ke fara ɓacewa. A 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska da mai nutso ke goyawa. A 1963 kamfanin Nikon ya fito da Nikonos, ƙaramar kyamarar da ruwa ba ya shigarta. Daga nan masu nutson nishaɗi suka samu shiga, har aka zo kan GoPro a 2004.

Abin da ke damuna shi ne namu gwanayen. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, masunta na nutsawa kogin Matan Fada su fito da giwan ruwa, amma hotunan da muke gani daga bakin gaɓa ake ɗaukarsu. Ruwan ya cika laka, kyamara ba ta gani sosai. Saboda haka abin da ke ƙasan kogin yana cikin kan dattawan masunta. Ya kamata marubutanmu su je su ji daga bakinsu tun suna raye.