Chicago a Kasuwar Larabawa ta Khartoum

Duk wanda ya yi gyaran kwamfuta a Suk al-Arabi, wato Kasuwar Larabawa ta Khartoum, ko a shagunan kasuwar Omdurman, ya san wani layi da ke saman fayilolin direba, wato manhajar da ke haɗa firinta ko katin sauti da kwamfuta. An rubuta $CHICAGO$ a wurin. Yaran shago da yawa sun ɗauka adireshin kamfani ne. A'a, sunan da ma'aikatan Microsoft suka laƙaba wa Windows 95 ne tun tana kan aiki, kafin a fito da ita kasuwa a watan Agustan 1995. Windows 98 Memphis ce a wurinsu, XP kuma Whistler, sunan wani dutse a Kanada. Akwai ma aikin da suka kira Cairo, wanda bai taɓa fitowa da wannan sunan ba.

Sauran sunayen sun shuɗe, Chicago ta zauna, domin ta shiga cikin ƙa'idar da Windows ke bi wajen karɓar direba. Cire ta na nufin kashe dubban tsofaffin na'urori. Haka kamfanin ya yi da Windows 7: a ciki lambarta 6.1 ce, don kada manhajojin zamanin Vista, mai lamba 6.0, su ƙi ta.

A wasu ƙasashe wannan riƙo da tsohon tsari sauƙi ne kawai. A wurinmu masu gyara a Sudan abinci ne. Tun Nuwamban 1997 da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, sayen manhaja da lasisi ya gagara, shafukan sabuntawa da dama kuma a lokacin suna ganin daga Sudan kake sai su rufe maka ƙofa. Abin da ya shigo a faifan CD daga Dubai ko Alƙahira, da shi ake zama shekara da shekaru. Mai kemis, akawun makaranta, mai buga takardu a bakin kotu, kowa na riƙe da manhajar da aka rubuta masa tun zamanin 98, wanda ya rubuta ta kuwa ya daɗe da tafiya Saudiyya neman aiki. Aikinmu shi ne lallashin sabuwar kwamfuta ta karɓi tsohuwar manhaja.

Larabci ne ya fi ba mu wuya. Tsofaffin manhajojin nan da tsarin haruffa na Windows-1256 aka gina su, ba Unicode da sababbin manhajoji ke amfani da shi ba. Ka ɗora su a sabuwar na'ura sai sunayen mutane su koma alamun tambaya, mai shago ya dafe kai yana cewa littafin bashinsa ya salwanta. Bai salwanta ba. Sai ka shiga saitin harshe ka zaɓi Larabci don manhajojin da ba su san Unicode ba. Sudan ba ta cikin jerin ƙasashen a XP, don haka Masar ko Saudiyya muke zaɓa. Wannan ya daɗe yana yi mini ciwo.

Microsoft ta daina kula da XP a Afrilun 2014. Sai a Fabrairun 2015 Amurka ta sassauta kan manhajojin sadarwa, ta kuma ɗage yawancin takunkumin a Oktoban 2017. Lokacin ofisoshi da yawa ba su da kuɗin sauya na'ura, balle sake rubuta manhaja. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarar da bayanan shaguna da makarantu da yawa a tsohon tsarin. Wanda ya tsira da rumbun kwamfutarsa, ya nemi wanda ya san 1256 ya juya masa su zuwa Unicode tun ana samun irin waɗannan masu gyara.