Siyasar Talakawa da Ingancin Dimokuraɗiyya: Darasi daga Ƙaraye da Rogo

Siyasar talakawa ita ce salon siyasa da ke raba al'umma gida biyu: talakawa da ake zalunta, da manya da suka kankane mulki da dukiya. Jam'iyyar da ta rungumi wannan salo takan ce ita kaɗai ce muryar jama'a. An ga irinta a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, da Ajantina zamanin Peron, da Benezuwela bayan Hugo Chavez ya ci zaɓe a 1998. Masana sun yarda cewa tana da fuska biyu: tana jawo waɗanda aka manta da su cikin harkar mulki, amma takan raunana hukumomin da ke taka wa mai mulki birki. Tarihin Kano, musamman na yankin Ƙaraye da Rogo, ya nuna fuskokin duka biyu.

Tushenta a Kano

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Ta yi adawa da yadda hukumar En'e ke amfani da hakimai da dagatai da kotunan alƙalai wajen danne talaka, ta kuma nemi a bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata a babban zaɓe ba sai 1979. 'Ya'yanta da yawa sun sha ɗauri da duka. Babbar gudummawarta ita ce koya wa manomi da ɗan kasuwa cewa suna da haƙƙin tambayar mai mulki.

Magajiyarta, PRP, ta ci Kano da Kaduna a 1979. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci. A yankunan noma da kiwo irin Ƙaraye da Rogo, inda karɓar haraji ke hannun dagatai da masu unguwanni, wannan ya sauya dangantakar talaka da sarauta.

Inda aka samu tangarɗa

PRP ba ta daɗe ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare na iƙirarin shi ne wakilin talaka na gaskiya. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli na shekarar, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a Kano, aka kashe mai bai wa gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad.

Masarautar Ƙaraye

Rimi ya ɗaga darajar Ƙaraye da Rano da Gaya da Dutse zuwa masarautu, amma Sabo Bakin Zuwo ya rushe matakin a 1983. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu kan dokar kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Kotu ta soke dokar a Nuwamba, majalisa ta yi sabuwa a Disamba, sannan aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris, 2020. Ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda ya ci zaɓen 2023 ƙarƙashin NNPP da tafiyar Kwankwasiyya, ya sa hannu kan dokar rushe su. A watan Yuli aka sake kafa Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu: Ƙaraye da Rogo.

Ke nan sau uku ana kafa masarautar, sau biyu gwamnati na rushe ta. Kowane gwamna ya kafa hujja da muradin jama'a: wani ya ce kusantar da mulki ga karkara, wani ya ce maido da martabar tarihi. Amma ba a taɓa jin ra'ayin mutanen yankin ta hanyar ƙuri'a ba, kuma majalisa takan zartar da dokar cikin 'yan kwanaki. Wannan ya nuna cewa salon magana da sunan jama'a bai tsaya ga jam'iyya guda ba.

Zaɓen ƙananan hukumomi

A zaɓen Janairun 2021 APC mai mulki ta lashe dukkan ƙananan hukumomi 44 na jihar. A Oktoban 2024 NNPP mai mulki ita ma ta lashe 44. Inda babu ɗan adawa a majalisar ƙaramar hukuma, babu mai bin diddigin kuɗin hanya, asibiti ko kasuwa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa wannan batu nauyi.

Ma'auni

Ana auna ingancin dimokuraɗiyya da abubuwa huɗu: shigar jama'a, gasar zaɓe ta gaskiya, 'yancin majalisa da kotu, da ɗorewar doka bayan sauyin gwamnati. Siyasar talakawa a Kano ta yi fice a na farko, amma sauran ukun suna da rauni. Ma'aikaci da ɗan kasuwa su ne suka fi jin raɗaɗin wannan rauni, domin ƙarin girma, izinin fili da rumfar kasuwa duk sun dogara ga dokar da ba ta sauyawa duk lokacin da aka rantsar da sabon gwamna.