Goro da Juriyar Jiki: Daga Ayarin Gwanja Zuwa Filin Wasa

1.0 Gabatarwa

Goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa, amma da wuya a sami al'ummar da ta ɗaukaka shi kamar Hausawa. An fi nazarin matsayinsa a wajen aure da suna da gaisuwa. Wannan maƙala kuwa ta dubi tarihinsa a matsayin abin ƙara kuzari, da kuma iyakar amfaninsa.

2.0 Zuwansa Ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano ya danganta bayyanar goro da zamanin Sarki Dauda (1421-1438), inda ya ambaci goro dubu goma da Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka riƙe fataucinsa. Sukan tashi ayari a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yanzu, su sayo goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Saboda wannan wahala goro ya kasance abin sarakuna da attajirai. Sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, nomansa kuma ya bazu a ƙasar Yarabawa, sannan ya yi arha, ya shiga aljihun manomi da ɗan dako da direba, waɗanda suke cinsa don korar barci da yunwa da gajiya.

3.0 Goro a Hannun Turawa

Wannan amfani ya ja hankalin Turawa. A shekarun 1880 wani masani Bafaranshe, Edouard Heckel, ya yi bincike a kan goro, ya kuma nemi a sa shi cikin guzurin sojojin Faransa. A 1886 aka haɗa Coca-Cola a Atlanta ta Amurka, rabin sunansa kuwa na goro ne. Sinadarin da duk ake nema shi ne kafeyin, wanda ake samu a gahawa da shayi ma.

Da kafeyin ya shiga wasanni, sai Kwamitin Olamfik na Duniya ya ƙayyade yawansa a jikin ɗan wasa a 1984. A 2004 Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyi a Wasanni ta Duniya ta cire shi daga jerin haramtattun abubuwa. Bincike ya nuna cewa miligiram 3 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin mutum yana ƙara juriya a gudu mai nisa.

4.0 Iyakar Amfaninsa

Yadda yake aiki shi ne, yana toshe hanyar wani sinadari, adinosin, wanda yake sanar da ƙwaƙwalwa gajiya. Watau goro ba ya kawar da gajiya, jinkirta ta yake yi. Bashi ne da jiki zai biya. Har ila yau, rabinsa yakan rage a jini bayan kamar awa biyar, saboda haka goron yamma yakan ci barcin dare, wanda a cikinsa tsoka take murmurewa.

Tsarin ayari kansa shaida ne. Fatake suna ɗauke da goro waga-waga, amma ba da shi suke isa gida ba. Sukan yi sammako, su ya da zango, su ci abinci, su huta su da dabbobinsu.

5.0 Kammalawa

Wannan darasi yana da muhimmanci a yau, da wasu matasa 'yan wasa da leburori suka koma ga ƙwayoyi irin su taramadol, wanda hukumar nan ta haramta a lokacin gasa tun 2024. Abin da tarihin goro ya nuna shi ne, mai ƙara kuzari mataimaki ne kurum. Tushen ƙarfi yana ga abinci da ruwa da barci, domin kowa ya ƙi zango ba ya kai kaya kasuwa.